Daga Dakar Zuwa Ajin Ƙauye: Tarihin Kafuwar Ƙawancen Duniya Don Ilimi

A watan Afrilun 2000 wakilan ƙasashe 164 suka hallara a Dakar, babban birnin Senegal, domin bin ba'asin wani alkawari da aka ɗauka shekaru goma kafin nan. A 1990, a garin Jomtien na ƙasar Tailan, duniya ta yi alwashin cewa kafin shekarar 2000 kowane yaro zai samu ilimin farko. Wa'adi ya cika, alkawari bai cika ba. Lissafin da aka gabatar a Dakar ya nuna yara miliyan 113 ba sa zuwa makaranta, kuma 'yan mata ne suka fi yawa a cikinsu. Aka ɗaga wa'adin zuwa 2015, sannan ƙasashe masu hannu da shuni suka yi wani sabon alkawari: duk ƙasar da ta ɗaura ɗamarar ilmantar da 'ya'yanta da gaske, ba za a bari rashin kuɗi ya karya mata gwiwa ba. Daga wannan alkawari ne aka haifi hukumar da yau ake kira Ƙawancen Duniya Don Ilimi, wadda ma'aikatun ilimi suka fi sani da GPE.

Kafin zuwanta ba a rasa tallafi ba, tsari aka rasa. Kowace ƙasa mai bayarwa takan zo da nata aikin, ta buɗe ofishinta a gefen ma'aikata, ta kawo motocinta da akantocinta da irin takardun rahoton da take so. Daraktan tsare-tsare na ma'aikatar ilimi sai ya wayi gari aikinsa ya koma tarbar baƙi: yau tawagar wannan ƙasa, jibi ta wancan banki, kowa da tambayoyinsa, kowa da ranar da yake son a miƙa masa lissafi. Ma'aikatan da suka fi ƙwarewa sukan bar teburinsu su koma ofishin aikin, inda albashi ya fi tsoka. Wannan mai bayarwa ya gina azuzuwa a jihar da ya zaɓa, wancan ya buga littattafai a kan manhajar da ba ita ake koyarwa ba. Bayan shekara huɗu ko biyar aikin ya ƙare, a kulle ofis, mota ta kwanta don babu mai sayen taya, ma'aikata ta koma 'yar gidan jiya. An kashe kuɗi, amma gwamnati ba ta ƙaru da komai ba.

Yadda aka fara

A watan Maris na 2002 aka yi babban taro a Monterrey ta ƙasar Meziko kan kuɗin raya ƙasashe, inda aka tsayar da magana cewa kowane ɓangare yana da nasa nauyin: ƙasa mai tasowa ta gyara gidanta, mai bayarwa ya ƙara hannu. A wannan shekarar Bankin Duniya, da goyon bayan ƙasashe irin su Holan, ya ƙaddamar da Shirin Gaggauta Ilimi Ga Kowa, wanda aka riƙa kira FTI. Aka gayyaci ƙasashe 18 su shiga. Aka ware wasu biyar da suka fi kowa yawan yaran da ba sa makaranta, wato Indiya, Pakistan, Bangladesh, Kwango da Najeriya, aka ce za a fara taya su nazari da shiri tukuna. A watan Nuwamba aka amince da tsare-tsaren ƙasashe bakwai na farko: Burkina Faso, Gini, Guyana, Honduras, Muritaniya, Nikaraguwa da Nijar. Ke nan da Nijar aka buɗe fage.

Dokar shirin ba ta da wuyar faɗa. Gwamnati ce za ta rubuta tsarin ilimi guda ɗaya na ƙasa baki ɗaya, da lissafin abin da zai ci. Masu bayar da tallafi da ke zaune a ƙasar su duba shi, in sun gamsu su sa hannu, daga nan kowa ya zuba kuɗinsa a bayan wannan tsari maimakon ya ƙirƙiro nasa. An kuma fitar da ma'auni daga nazarin ƙasashen da suka yi nasara: a ba ilimi kusan kashi 20 cikin ɗari na kasafin ayyukan yau da kullum, rabin wannan ya tafi firamare, malami ɗaya ya riƙe yara kamar 40, masu maimaita aji kada su wuce kashi 10, albashin malami ya zama kamar ninki uku da rabi na matsakaicin abin da ɗan ƙasa ke samu a shekara.

Da farko shirin ba shi da ko sisin kansa. An ɗauka cewa da zarar an sa hannu a tsari, kuɗi za su biyo baya. Ba haka ta kasance ba, musamman a ƙasashen da masu bayarwa ba su cika leƙawa ba. Shi ya sa a 2003 aka buɗe wani asusu na musamman domin irin waɗannan ƙasashe, a 2004 aka ƙara wani domin taya ma'aikatu rubuta tsare-tsarensu. Ta haka abin da ya fara a matsayin yarjejeniya ya soma zama hukuma mai baitulmali.

Darasin Nijar

Nijar ta shiga da shirinta na shekara goma na bunƙasa ilimi, wanda ya soma aiki a 2003. Cikin shekaru goma adadin yaran da ke shiga firamare ya haura ninki biyu, makarantu suka isa ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon boko ba. Wannan nasara ce da babu mai musunta. Amma an biya ta da tsada. Domin a samu malamai da yawa cikin sauri da kuɗi kaɗan, aka dogara ga malaman kwantiragi, masu ƙaramin albashi da gajeren horo, har suka zama su ne mafi yawa a azuzuwa. Yara da dama suna karatu a rumfunan zana da ba sa jure damina. Da aka yi gwajin PASEC na 2014 a ƙasashe goma masu amfani da Faransanci, Nijar ce ta zo ta ƙarshe, inda fiye da kashi 90 cikin ɗari na yaran ƙarshen firamare ba su kai matakin da ake bukata a karatu ba. An cika aji, ba a cika kai ba. Abin da ya faru a Nijar ya faru a wurare da yawa, kuma shi ya tilasta wa shirin ya daina ƙirga kawunan yara kawai, ya fara tambayar me suka iya.

Gyara da sabon suna

Wani bincike mai zaman kansa da aka kammala a 2010 ya faɗa wa shirin gaskiya. Ya nuna cewa ƙawancen ya karkata ga masu bayarwa, ƙasashen da ake yi dominsu ba su da murya sosai, tallafin bai ƙaru kamar yadda aka yi alkawari ba, ƙasashen da rikici ya ɗaiɗaita kuma an bar su a baya. Abin yabo shi ne an saurara. Tun kafin a kammala binciken aka naɗa shugaba mai zaman kanta, Carol Bellamy, wadda ta taɓa jagorantar UNICEF. Aka sake fasalin hukumar gudanarwa ta yadda ƙasashe masu tasowa suka samu kujeru daidai da na masu bayarwa, aka ba ƙungiyoyin farar hula da na malamai wurin zama. A 2011 aka haɗe asusun wuri guda, aka sauya suna zuwa GPE, aka yi taron tara kuɗi na farko a Kopenhagen, inda aka yi alkawarin kusan dala biliyan 1.5.

Daga nan girma ya zo daki-daki. Alice Albright ta zama shugabar zartarwa a 2013. Julia Gillard, tsohuwar firaministar Ostareliya, ta karɓi shugabancin hukumar gudanarwa a 2014, shekarar da taron Brussels ya samar da alkawarin dala biliyan 2.1. A watan Fabrairun 2018 aka koma Dakar, Macky Sall na Senegal da Emmanuel Macron na Faransa suka ɗauki nauyin taron, aka samu biliyan 2.3. A Landan, cikin Yulin 2021, ƙarƙashin Birtaniya da Kenya, aka nemi biliyan 5 aka samu 4. A wannan shekarar Jakaya Kikwete, tsohon shugaban Tanzaniya, ya gaji Gillard, sannan Laura Frigenti ta zama shugabar zartarwa a 2022. Hukumar da ta fara da ƙasashe bakwai yanzu tana aiki da kusan 90.

Yadda kuɗin ke tafiya

GPE ba ta gina aji da hannunta, ba ta kuma da ofisoshi birjik a ƙasashen da take tallafawa. A kowace ƙasa akwai zauren masu ruwa da tsaki a harkar ilimi, wanda ma'aikatar ilimi ke shugabanta, masu bayarwa da ƙungiyoyin farar hula da wakilan malamai suna ciki. Ɗaya daga cikin masu bayarwa yakan zama jami'in haɗa kai tsakanin gwamnati da sauran. Sannan a zaɓi wakilin kuɗi, galibi Bankin Duniya ko UNICEF ko hukumar raya ƙasashe ta Faransa, wanda ke karɓar kuɗin, ya sa ido kan yadda ake kashe su, ya kai rahoto. Lokaci-lokaci a zauna taron bita na bai-ɗaya, a ɗauko tsarin a auna abin da aka yi da abin da ya rage. A 2014 aka shigo da ƙa'idar riƙe kashi 30 cikin ɗari na tallafi sai an ga sakamakon da aka yi yarjejeniya a kai. A Nijar an ƙara gaba, inda a 2017 aka kafa asusun bai-ɗaya na ilimi, masu bayarwa suna zubawa a tukunya ɗaya, kuɗin suna bi ta hanyoyin gwamnati.

Najeriya ba ta shiga ba sai a 2012. Tsarin tarayya ya sa abin ya yi wuya, domin makarantun firamare suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi, ba Abuja ba. Tallafin farko, dala miliyan 100 ta hannun Bankin Duniya, ya tafi ga jihohi biyar: Jigawa, Kaduna, Kano, Katsina da Sakkwato, a shirin da aka sani da NIPEP. Abin da ya fi burge ni a shirin shi ne yadda wani kaso na kuɗin ya sauka har cikin makaranta. Kwamitin kula da makaranta, wanda ya haɗa shugaban makaranta da wakilin mai gari da iyaye maza da mata, yakan zauna ya jera bukatu: rufin da iska ta kware, kujeru, alli, littattafai, makewayin da rashinsa ke hana 'yan mata zuwa. Su zaɓi abin da ya fi gaggawa, su rubuta, kuɗi ya shiga asusun makaranta, su saya, su ajiye rasit domin masu bincike. An ba 'yan mata tallafin shiga makaranta, an kuma ɗauki nauyin malamai mata su yi karatun NCE. Uban da ya sa hannu a takardar gyaran rufi ba ya kallon makarantar a matsayin kayan gwamnati kuma, ta zama tasa.

Inda gizo ke saƙa

Duk da haka, tarihin hukumar ba na nasara zalla ba ne. Wa'adin 2015 ya wuce ba a kai ga buri ba. Ma'aikatu suna kokawa da yawan takardu da tsawon lokacin da ake ɗauka kafin kuɗi su fito. A wurare da dama har yanzu ana buɗe ofishin aiki na daban a gefen ma'aikata, abin da aka kafa hukumar domin kawar da shi. Tallafi kuma yana tafiya da iskar siyasa. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, ƙasashe da dama sun dakatar da taimakonsu. A 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta USAID, Birtaniya ta sanar da rage kasafin tallafinta. A irin wannan yanayi ne Najeriya da Italiya suka ɗauki nauyin jagorantar gangamin tara kuɗi na gaba.

Babban abin da shekarun nan suka tabbatar shi ne da ruwan ciki ake jan na rijiya. Dala miliyan 100 kuɗi ne mai yawa a baki, amma a raba su ga jihohi biyar masu miliyoyin yara cikin shekaru biyar, sai a ga ba za su biya albashin malamai ba, balle su maye gurbin kasafin gwamnati. Amfaninsu shi ne su nuna hanya, su sa a gyara lissafi, su buɗe ƙofar da gwamnati za ta bi da kuɗinta. Abin takaici ne a ce dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin ilimin farko, amma biliyoyin naira suna kwance a asusun hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC saboda wasu jihohi sun kasa biyan nasu kason. Wanda bai ɗauki abin da ke gidansa ba, da wane ido zai nemi na baƙo?

Saboda haka kira na ga gwamnoni da kwamishinonin ilimi da 'yan majalisa su riƙe tsarin ilimi a matsayin nasu, su rubuta shi da hannun ma'aikatansu, su saki kuɗin da suka rubuta a kasafi, su ci gaba da duk abin da ya yi amfani bayan baƙi sun tafi. Ku kuma iyaye da malamai da masu unguwanni, ku shiga kwamitin makarantarku, ku tambayi nawa aka turo da abin da aka yi da shi. Mai tallafi zai zo ya tafi, amma 'ya'yan namu ne, kuma mu za a tambaya a kansu.