Me ya sa tsoffin garuruwanmu suka rungumi gindin dutse?

In kana bin hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi, ko ka ratse ta Kafur, za ka ga duwatsu sun ɓullo tsakiyar gonakin dawa da masara kamar wani ne ya ajiye su. Akasarinsu giranit ne, narkakken dutse da ya daskare can ƙarƙashin ƙasa shekara kusan miliyan 600 da suka wuce. Ruwan sama ya yi ta wanke abin da ke rufe da su, har mai taurin ya rage a tsaye.

Yawanci za a ce maka tsaro ne ya kai mutane gindinsu. Gaskiya ne, daga sama ana hango ƙurar mahaya tun daga nesa. Amma a ganina ruwa ya fi muhimmanci. Dutse ba ya shan ruwa, duk wanda ya zuba a kansa gangarowa yake ya taru a gindi. Shi ya sa rijiya a nan ba ta cika zurfi ba, ƙasar kuma kan riƙe laima bayan damina ta ɗauke. Ga manomi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ka dubi Kano. Dala ba giranit ba ne, tudu ne mai hular marmara, kuma marmara na ɗauke da tama. An gano alamun narkar da ƙarfe a nan tun wajen ƙarni na 7, tun kafin zuwan Bagauda da ake ƙiyasta shi a 999. A kan Dala ne kuma Barbushe ke jagorancin bautar Tsumburbura. Zazzau ma haka: Turunku da Kufena duk zaman gindin dutse ne.

To me ya sauko da mutane? Ƙarewar yaƙe-yaƙe bayan 1903, sai kasuwa. Da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya isa Ƙaura Namoda a 1929, auduga ta ja jama'a bakin tasha da titi. Ƙauyukan gindin dutse da dama suka koma kufai.

Kufayin nan su ne abin damuwa. Ba a rubuta tarihin ƙananan ƙauyuka ba, yana cikin tsingaron tukwane, kashin maƙera da ramukan niƙa a kan fa. Yanzu kuwa masu fasa dutse na kwasar su a tifa, a zuba a harsashin gini, tun kafin wani mai bincike ya je ya auna shekarunsu.