Kabon

Kabon (suna, namiji, kalmar aro, ba jam'i): sinadari mai lamba 6 da alamar C, wanda ƙwayar zarrarsa ke riƙe wasu ƙwayoyi har huɗu lokaci guda. Wannan riƙon shi ya sa ya zama ginshiƙin duk wani mai rai, domin yana sarƙafuwa da 'yan'uwansa, da haidurojin da oksijin, ya yi dogon zare ko zobe. Sukarin da ke cikin jini, alal misali, ƙwayar kabon 6 gare shi. Itacen dajin Baban Rafi, in ya bushe, kusan rabin nauyinsa kabon ne. Gero da kifin tabkin Madarunfa ma a kansa aka gina su. Wani zai ce: ina haɗin farin garin gero da baƙin gawayi? To, a bar tuwo a wuta ya ƙone. Zafi zai kori haidurojin da oksijin a matsayin tururi, ƙanzon ya yi baƙi ƙirin. Wutar ba ta kawo baƙin daga waje ba, tona shi ta yi. Abin da ya raba gero da gawayi shi ne abokan da kabon ya riƙe da yadda suka jeru.