Faifan Tropicália na 1968: Wa Ke da Ikon Faɗin Abin da Ya Zama Kiɗan Ƙasa?

A watan Yulin 1967 wasu fitattun mawaƙan Birazil suka yi tattaki a titunan São Paulo, Elis Regina na kan gaba. Shekara uku ke nan da sojoji suka ƙwace mulki, amma ba sojoji aka fito yi wa zanga-zanga ba. Jitar lantarki aka fito wa. A ganinsu 'yar aiken Amurka ce, ta zo ta shaƙe samba da sauran kaɗe-kaɗen gida. Cikin masu tattakin har da Gilberto Gil. Wata uku bayan haka sai ga Gil ɗin nan a gasar waƙa ta gidan talabijin na Record, yana rera "Domingo no Parque" tare da Os Mutantes, matasa uku masu kiɗan rok da jitarsu ta lantarki. Ya zo na biyu, abokinsa Caetano Veloso ya zo na huɗu.

Daga wannan taƙaddama aka haifi faifan Tropicália ou Panis et Circencis, wanda kamfanin Philips ya fitar a Yulin 1968. Waƙoƙi 12 ne, kuma aikin gayya aka yi: Gil, Veloso, Gal Costa da Tom Zé, dukansu 'yan jihar Bahia, sai Os Mutantes, da Nara Leão wadda ta yi suna a bossa nova, da marubutan waƙa Torquato Neto da Capinan, da Rogério Duprat, masanin kiɗan gargajiyar Turai da ya tsara sautin. Yawanci ana yabon faifan da cewa ya shigo da rok cikin kiɗan Birazil. Wannan yabo ya gaza. Babbar kasadar da suka yi ita ce rungumar kiɗan gida wanda 'yan boko ke jin kunyarsa.

Waƙa ta biyu a faifan ta isa hujja. "Coração Materno" tsohuwar waƙa ce ta Vicente Celestino daga shekarun 1930, labarin wani saurayi da ya ciro zuciyar mahaifiyarsa don ya faranta wa budurwa rai. Ɗaliban jami'a na lokacin sun ɗauke ta a matsayin ƙarshen ƙauyanci. Veloso ya rera ta a natse, babu alamar dariya a muryarsa, Duprat kuma ya shimfiɗa mata gogen Turawa masu nauyi. Mai sauraro zai rasa inda zai kama: ba'a ake yi, ko girmamawa? Haka Nara Leão, 'yar gatan masu kiɗan ƙasaita, ta rera "Lindonéia" da salon bolero, kiɗan rediyon talakawa. Akwai rumbar Kuba, akwai "Baby" ta Gal Costa mai daɗin kunne, akwai "Bat Macumba" da ta gwama tauraron finafinan Amurka da addinin da bayi suka kawo daga Afirka. Aka rufe da waƙar yabon cocin Bonfim da ke Salvador, birnin da bayi Musulmi, har da Hausawa, suka yi bore a 1835.

Hoton bangon faifan ma magana ce. An jeru kamar hoton dangi, Gil na zaune a ƙasa, Veloso na riƙe da hoton Nara, shi kuwa Duprat ya riƙe fo na fitsari tamkar kofin shayi.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1928 marubuci Oswald de Andrade ya yi kira da Birazil ta haɗiye al'adun baƙi ta narkar da su su zama nata. Abin da faifan ya ƙara shi ne cewa hukuncin "wannan namu ne, wannan ba namu ba" yana hannun 'yan tsirarun masu ilimi, kuma ma'aunin da suka kore jita da shi, da shi suka kore Celestino. A nan ne aikin gayyar ya yi amfani. Da mutum ɗaya ne ya yi wannan haɗe-haɗe, da an ce ruɗewa ce ta same shi. Amma da aka ji Nara ta bossa nova, da Duprat na makarantar kiɗa, da yaran rok a faifai guda, ba a samu wanda za a ware a ce shi ne baƙon ba.

Faifan bai tsira daga suka mai ma'ana ba. Manazarci Roberto Schwarz, a maƙalarsa ta 1970, ya yi ƙorafin cewa salon nan na jera tsoho da sabo, talauci da zamani, yana nuna matsalolin ƙasar kamar wani abin al'ajabi da ba ya canzuwa, ba ya nuna mafita. Da gaskiyarsa ta wani ɓangaren, domin faifan bai ba kowa taken da zai rera a zanga-zanga ba. A Satumbar 1968 ma ɗalibai masu adawa da soja suka yi wa Veloso ihu a dandamali a São Paulo.

Sai dai sojojin ba su ɗauki abin da wasa ba. Ranar 13 ga Disambar 1968 suka kafa dokar AI-5 mai toshe bakin jama'a, mako biyu bayan nan aka kama Gil da Veloso. Sun yi kusan wata biyu a tsare, a 1969 aka tilasta musu barin ƙasar, suka zauna a Landan har 1972. Tafiyar Tropicália ta tsaya a nan, amma gardamar jita ta riga ta mutu. A 2003 Gil ya zama ministan al'adu na Birazil, a 2007 kuma mujallar Rolling Stone ta ƙasar ta sanya faifan na biyu cikin fayafayai 100 mafiya daraja a tarihin kiɗan Birazil.