Benen Makaɗan Bafalo

A farkon ƙarni na 20, makaɗi a Amurka ba ya samun aiki mai tsoka a otal ko gidan rawa sai yana riƙe da katin ƙungiyar ƙwadagon makaɗa ta ƙasa, wadda ake kira AFM. A birnin Bafalo na jihar Niyu Yok, reshen ƙungiyar mai lamba 43 ya ƙi karɓar baƙar fata. Da suka ga an toshe musu hanyar abinci, sai makaɗan suka nemi nasu reshen, aka ba su lamba 533 a shekarar 1917.

Kati kuwa bai raba su da duk matsala ba. Mutum ya tashi daga aiki tsakar dare, gidan da ya kwana yana yi wa kiɗa ba zai bar shi ya zauna ya ci abinci ba. Wannan ya sa a 1918 wasu 'yan reshen suka kafa kulob na zumunci, inda za su huta, su yi hira, su gwada sababbin kiɗe-kiɗe. Sun yi 'yan ƙaure-ƙaure kafin su tare a gida mai lamba 145 kan titin Broadway a 1934. Ofishin ƙungiya a ƙasa, kulob a sama. A 1935 suka yi masa rajista da sunan Colored Musicians Club, a matsayin abu mai zaman kansa, daban da reshen. Daga baya kulob ɗin ya sayi ginin.

A wannan bene aka yi abin da tarihin jaz ba zai manta ba. Baƙin makaɗa da suka zo wasa garin sukan biyo ta nan bayan sun tashi, a goge raini har asuba. Dizzy Gillespie ya hau benen, haka Miles Davis da John Coltrane da Ella Fitzgerald. Yaro mai koyon busa yakan tsinci kansa gefen gwanin da a faifai kawai ya san shi. Abin da ya fi burge ni shi ne, mutanen da aka hana shiga wurin wasu ba su rama ba. Farar fata ma sukan hau su yi kiɗa.

Bayan dokar 'yancin jama'a ta 1964, uwar ƙungiya ta matsa a haɗe rassan baƙaƙe da na farare a ko'ina. Adalci ne a takarda, amma a garuruwa da dama ƙananan rassan baƙar fata sun rasa gidajensu da asusunsu da kujerun shugabanci. Reshe na 274 na Filadelfiya ya turje, aka soke shi a 1971. A Bafalo an yi haɗewar a 1969, reshe na 533 ya kau. Gidan titin Broadway kuwa bai shiga rabon ba, domin mallakar kulob ne, kuma rajistar nan ta 1935 ce ta tsare shi. Dattawan da suka yi wannan hangen nesa sun cancanci yabo kamar manyan sunayen da suka yi busa a benen.

A 2012 aka buɗe gidan tarihin jaz a ƙasan ginin, sannan a 2018 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa.