Sirri a Intanet da Sauyin Mulki: Nazari da Idon Kimiyyar Sarƙaƙiya Daga Kurudu

1.0 Gabatarwa

Tun Disambar 2020, lokacin da gwamnatin tarayya ta umarci kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, amsa ɗaya ake bai wa duk wanda ya tayar da maganar sirrin jama'a: mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Wannan magana ta bakin titi tana da gata a fagen ilimi. Amitai Etzioni, a littafinsa na 1999 kan iyakokin sirri, ya ɗauki sirri a matsayin haƙƙin mutum ɗaya wanda dole a auna shi da maslahar jama'a, kuma bisa wannan awo ya goyi bayan katin shaida mai ɗauke da bayanan jiki, da bai wa hukuma hanyar buɗe saƙonnin da aka kulle. Wannan maƙala na ganin awon ya karkace tun daga tushe. Idan aka dubi al'umma da idon kimiyyar sarƙaƙiya, wadda ke nazarin yadda halin taro ke fitowa daga mu'amalar mutanen cikinsa, sirri na cikin abubuwan da ke ba jama'a damar sanin halin da suke ciki, su gyara mulki tun bai kai ga fashewa ba. Ke nan shi kansa maslahar jama'a ne.

2.0 Geji da ɓoyon ra'ayi

Cewa halin taro ya bambanta da jimillar halin mutanen da ke cikinsa sanannen abu ne (Granovetter 1978, Kuran 1991, Watts 2002). Misalin Granovetter ya isa. Mutum 100, kowa da gejinsa, wato yawan mutanen da sai ya ga sun fito kafin shi ma ya fito. Na farko gejinsa sifili, na biyu ɗaya, na uku biyu, har zuwa 99. Na farko ya fito ya jawo na biyu, a haka har ɗarin su cika titi. A mayar da gejin na biyu kaɗai daga ɗaya zuwa biyu, sai na farko ya tsaya shi kaɗai a rana, a kira shi mai taɓin hankali. Fushin jama'ar bai ragu da komai ba. Kuran ya ƙara da cewa a ƙarƙashin mulkin kama-karya kowa na ɓoye gejinsa, shi ya sa rugujewar gwamnatocin Gabashin Turai a 1989 ta zo wa masu mulki da 'yan adawa da masana bagatatan.

Abuja ta ga irin wannan. A Maris na 1998 aka yi gangamin da aka kira na mutum miliyan biyu domin roƙon Janar Sani Abacha ya zarce, a Afrilu kuma jam'iyyu biyar ɗin da ke da rajista duka suka tsayar da shi. Ya rasu ranar 8 ga Yuni. Kafin shekarar ta ƙare an rushe jam'iyyun ba tare da wani ya fito titi ya kare su ba. Abacha yana da masoya na gaskiya har gobe, amma babu wanda a Afrilu ya iya bambance su da masu tafi don tsoro ko don kwaɗayi.

3.0 Zaure biyu a waya ɗaya

Kurudu na kan hanyar da ta taso daga Nyanya ta bi Karu da Jikwoyi, ta wuce Orozo zuwa Karshi. Mazaunanta gauraye ne: 'yan asalin wurin, tsofaffin sojoji da iyalansu a rukunin gidajen da aka gina dominsu, ma'aikatan gwamnati da tsadar haya ta koro daga tsakiyar birni, da 'yan tireda da masu shayi da 'yan acaba daga Arewa. A ɗauki ma'aikaci ɗaya a cikin motar haya bayan asuba, cunkoson Nyanya ya tsayar da su, yana duba wayarsa. Zaure biyu yake da su a WhatsApp. Na farko na unguwa ne, cike da lambobin da bai san masu su ba. A nan maganar kuɗin gyaran taransifoma yake yi, da ta 'yan sintiri, da barka da Juma'a. Na biyu na abokan makarantar kwana ne, mutum kaɗan da suka san juna tun suna yara. A nan yake faɗin farashin mudun shinkafa da wanda yake ɗora wa laifi. Layin da yake amfani da shi a zaurukan biyu yana haɗe da NIN ɗinsa, NIN na haɗe da asusun bankin da albashinsa ke shiga.

Centola da Macy (2007) sun nuna cewa labari kan yaɗu daga baki ɗaya, amma aiki mai haɗari ba ya yaɗuwa sai mutum ya ji daga bakuna da yawa da ya amince da su. Zaure na biyu shi ne wurin wannan aikin. A can mutum ke gane ba shi kaɗai abin ke damu ba, a can gejinsa ke sauka ko kuma abokai su nuna masa ya yi kuskure. Ranar da ya daina yarda cewa maganar za ta tsaya a inda ya yi ta, zaure na biyu ya koma irin na farko.

Kulle saƙo da WhatsApp ya kammala a 2016 yana kare abin da aka rubuta, amma ba ya hana wani ɗan zaure ɗaukar hoton saƙon ya tura gaba, kuma kamfanin sadarwa ya san wa ya kira wa, yaushe, daga ina. Binciken de Montjoye da abokan aikinsa (2013) a kan mutum miliyan 1.5 ya nuna cewa sanin wuri da lokaci sau huɗu kawai ya isa a ware mutum 95 cikin 100 daga cikin taro. Ba kuma sai an kama kowa ba. Penney (2016) ya ga raguwar masu karanta shafukan Wikipedia da suka shafi ta'addanci bayan fallasar Snowden ta 2013 kan sa idon hukuma, alhali karatun ba laifi ba ne. A gida, kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse a Nuwambar 2022 saboda rubutu ɗaya a Twitter ya isa darasi ga dubbai, ko da yake an janye ƙarar daga baya.

4.0 Martanin ɓangaren Etzioni

Mai bin Etzioni zai fara da tsaro, kuma a Kurudu wannan ba maganar wasa ba ce. Tashar Nyanya, inda bam ya kashe fiye da mutum 70 ranar 14 ga Afrilu 2014, a kan hanyar mazauna Kurudu ta kullum take, masu garkuwa da mutane kuma ta waya suke cinikin kuɗin fansa. Adalci ne a faɗa cewa Etzioni bai ba hukuma wuƙa da nama ba. Ya gindaya sharuɗɗa: barazanar ta zama tabbatacciya kuma babba, a fara gwada hanyoyin da ba su taɓa sirri ba, kutsen ya zama mafi ƙanƙanta, a kuma magance illolinsa. Sharaɗin farko ya cika a Nijeriya. Sauran ne abin tambaya. A Afrilun 2022 an hana layuka fiye da miliyan 70 yin kira saboda ba a haɗa su da NIN ba. A Satumbar 2021 an katse sadarwa a faɗin Zamfara, 'yan bindiga kuma ba su ƙare ba. A Janairun 2024 tsohon ministan sadarwa Isa Ali Pantami, wanda aka kafa tsarin a zamaninsa, da kansa ya koka cewa jami'an tsaro ba sa amfani da bayanan yadda ya kamata wajen bin sawun masu garkuwa. A ɗaya gefen kuma, makonni kaɗan bayan zanga-zangar EndSARS ta Oktobar 2020, Babban Banki ya samo umarnin kotu ya rufe asusu 20 na waɗanda ake dangantawa da ita. Da alama bayanan da aka tara sun fi saurin kaiwa ga mai suna da adireshi da albashi, wato ɗan ƙasa mai bin doka, a kan wanda ke daji da layin da aka yi wa rajista da sunan wani.

Martani na biyu ya fi ƙarfi, domin da makamin wannan maƙala yake sara. Idan ɓoyon ra'ayi ne ke raya kama-karya, ai sirri shi ne ɓoyon. Lohmann (1994) ta nuna cewa abin da ya ba zanga-zangar Leipzig ta Jamus ta Gabas nauyi, musamman ta 9 ga Oktoba 1989 da kusan mutum 70,000 suka fito, shi ne mutane sun nuna fuskokinsu sun ɗauki kasada. Zagin da aka yi da sunan bogi ba shi da farashi, don haka ba ya gaya wa kowa komai, kuma ta wannan kafa ce jita-jita da ingiza ƙabilanci ke yawo. Rabin wannan gaskiya ne, kuma ɓarnar labaran ƙarya a zaurukan WhatsApp ba abar musu ba ce. Amma martanin ya haɗa abu biyu: ɓoye wa kowa, da ɓoye wa hukuma. Kuran na farkon yake nufi. Ma'aikacin Kurudu ba ya ɓoye wa abokansa komai. Da sunansa da fuskarsa yake magana a cikinsu. Leipzig ɗin ma ba daga sama ta faɗo ba: tun 1982 ake taron addu'ar zaman lafiya duk Litinin a cocin Nikolai, inda 'yan tsiraru suka san juna shekaru kafin titi ya cika. Jam'iyyar NEPU ma da mutum takwas ta fara a Kano a 1950. Fitowa fili mataki ne na ƙarshe, kuma sa ido matakin da ke gabaninsa yake kashewa.

Na uku, za a ce Nijeriya ba kama-karya ba ce. Haka ne: a 2015 shugaba mai ci ya faɗi zaɓe ya miƙa mulki, a Yulin 2022 kuma Kotun ECOWAS ta yanke cewa dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya saɓa doka. Sai dai rumbun bayanai ya fi gwamnatin da ta gina shi tsawon rai, kuma juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, bayan na Mali da Burkina Faso, ya isa tunatarwa. Shi kansa mai mulki asara yake yi, domin gwargwadon tsoron da ake yi masa gwargwadon jahiltar abin da ke zukatan jama'arsa (Wintrobe 1998). Ginin ƙasa ne da gara ta ci ta ciki, shafen waje lafiya ƙalau.

5.0 Iyakar da'awar

A nan dole da'awar ta tsuke. Hujjojin ba su nuna cewa sirri na kawo sauyi ba. A Oktobar 2020 EndSARS ta cika Legas da Abuja amma ba ta kama sosai a Kano da Katsina ba. A Agustan 2024 zanga-zangar tsadar rayuwa a Arewa ta fi zafi, har aka sa dokar hana fita a Kano. Wayoyin da manhajojin ba su canza ba. Abin da ya sauke geji shi ne yunwar da ta biyo bayan cire tallafin mai a Mayun 2023. Haka kuma ba kowace danniya ce ke cin nasara ba: rufe Twitter ya koya wa mutane da yawa amfani da VPN, kamar yadda Hobbs da Roberts (2018) suka gani a Sin bayan toshe Instagram. Amma irin wannan martani na jama'a toshewar da ake gani ce ke jawo shi. Sa ido na shiru ba ya ba mutum abin da zai kewaye. Abin da ya rage, kuma ya fi tsayuwa, shi ne: sirri na da hannu a kan ko rashin jin daɗi zai bayyana a hankali, ta baki da ƙuri'a da ƙungiya, ko zai taru ya fashe ba jagora ba mai tsawatarwa.

6.0 Kammalawa

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙa da maganar waya. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ci gaba ce, amma ta keɓe ayyukan tsaron ƙasa da binciken laifi daga yawancin sharuɗɗanta, ƙa'idojin Hukumar Sadarwa na 2019 kuma sun halatta kutse kafin samun sammacin alƙali a halin gaggawa. Kira ga Majalisar Tarayya shi ne ta tsuke waɗannan ƙofofi, ta wajabta izinin alƙali kafin a taɓa bayanan layin kowa, ta kuma tilasta a riƙa bayyana duk shekara yawan buƙatun da hukumomi suka miƙa wa kamfanonin sadarwa. Sharuɗɗan Etzioni kansu sun buƙaci haka. Ƙasar da jama'arta ke iya faɗa wa juna gaskiya ba tare da tsoro ba ita ce ke gyaruwa ba tare da zubar da jini ba.