Abubakar Imam, marubucin Magana Jari Ce

Masu saurarenmu na Dawce da kewaye, da ƴan uwa mazauna ƙetare, ga taƙaitaccen tarihin Alhaji Abubakar Imam. An haife shi a Kagara, cikin Najeriya, a 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, sannan ya koyar a makarantar midil ta garin.

A 1933 ya shiga gasar rubutun Hausa da littafinsa Ruwan Bagaja. Ganin gwanintarsa, Rupert East ya kira shi Zariya ya rubuta wa ƴan makaranta littafin karatu. Nan aka samu Magana Jari Ce, juzu'i uku, na farko a 1937. A ciki, wani aku ne ke ba ɗan sarki Musa labarai don ya hana shi fita. Wasu labaran daga ƙasashen Larabawa, Indiya da Turai ya ɗebo su, amma ya sa musu rigar Hausa.

A 1939 ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya rasu a Zariya a 1981. Allah ya jiƙan sa.

Iyaye, in littafin ya shigo hannunku, a karanta wa yara da dare.