Dandamalin da Talakawa Suka Biya

Duk sanda muka ga hoton Mutum-mutumin 'Yanci na New York, idonmu kan hannun da ya ɗaga fitila yake tafiya. Ba mu cika duban abin da yake tsaye a kai ba, alhali a nan rigimar take.

Yarjejeniyar ita ce Faransa ta ƙera mutum-mutumin, Amurka ta gina dandamalinsa. Bartholdi ya tsara shi, Gustave Eiffel ya yi masa ƙarafan ciki. A Yunin 1885 jirgin ruwa ya kawo shi gunduwa-gunduwa cikin akwatuna 214, sai aka tarar babu inda za a kafa shi. Kuɗin dandamali sun ƙare, masu hannu da shuni sun noƙe. Gwamnan New York, Grover Cleveland, ya riga ya ƙi sa hannu a ba da dala 50,000 a 1884.

Joseph Pulitzer ne ya yi dabara: duk wanda ya ba da gudummawa, komai ƙanƙantarta, jaridarsa The World za ta buga sunansa. Mutum sama da 120,000 suka tara fiye da dala 100,000, yawancinsu ko dala ɗaya ba su bayar ba.

Ranar 28 ga Oktoba, 1886, wanda ya jagoranci bikin buɗewa Cleveland ɗin nan ne, ya zama shugaban ƙasa.